Jar ƙwallo kafin rawaya: kundin horon yaranmu na tanis a Birnin Kebbi

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Yau muka auna fili. Tsohon filin tanis ne na siminti a bayan wata makaranta a nan Birnin Kebbi, ya daɗe rabonsa da raket. 'Yan unguwa ke buga tamaula a kansa, da kaka kuma a shanya shinkafa. Shugaban makarantar ya ba ni yammacin Alhamis da na Juma'a, daga bayan la'asar zuwa magariba, tun da ranakun ne babu Islamiyya. Yara goma sha huɗu iyayensu suka yarda, maza tara, mata biyar. Ƙaraminsu shekararsa shida, babbansu sha ɗaya. Biyu kaɗai suka taɓa ganin wasan a talabijin, sauran da na ce tanis ƙwallon tebur suka zata.

Zan rubuta burina tun yau don in riƙa auna aikin da shi: nan da shekara biyu a samu uku ko huɗu daga cikinsu da za su tsaya a gasar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 12, su buga wasa na gaske.

Cikakken fili tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa 10.97 idan bibbiyu ake yi, 8.23 idan ɗaya da ɗaya ne. Ɗan shekara bakwai ba zai iya tsare wannan sarari ba. Amma faɗin nan na 10.97 shi ne daidai tsawon filin masu farawa, saboda haka idan yara suka riƙa bugawa a gicciye, fili ɗaya zai ba ni ƙanana huɗu. Na yanka tsofaffin gidajen sauro, tela ya ɗinke su a jikin igiya, tsayi santimita 80, muka ɗaura a sandunan gora da aka kafa cikin gwangwanaye cike da siminti. Raga ta samu.

Siminti buhu biyu na like tsaguwa, N19,000. Farin fenti da buroshi, N12,500. Ladan magini, N6,000. Igiya da ɗinki, N3,000.

Juma'a, 3 ga Janairu

Likin bai bushe ba, sai muka koma kan rairayin gefe. Langa, tsallen igiya, da jifa. Babu wanda ya taɓa raket.

Jifan shi na fi zuba wa ido, domin sabis ɗin tanis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, jifa ne da raket a hannu. Yaron da ya iya juya kafaɗa, ya ɗaga gwiwar hannu, ya ɗora nauyinsa a ƙafar gaba, ya riga ya mallaki rabin sabis. Akwai wani bahago ɗan shekara goma daga Badariya, jifansa ya wuce na kowa nesa ba kusa ba. 'Yan matan kuma wajen cafe suka fi, musamman biyu da suka ce suna carafke a gida. Langa zan ci gaba da ita kullum a matsayin ɗumama jiki, tana koya wa yaro tsayuwa a ƙafa ɗaya ba tare da ya san horo ake ba shi ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ƙwallayen da na saya daga Legas ba su iso ba. Na ɗauko tsofaffin rawaya da nake da su tun zamana a Zariya, na huda kowace da allura mai kauri don iskar ciki ta fita. Sun rage tashi, amma nauyin yana nan, ga shi sun fi jar ƙwallon masu farawa ƙanƙanta. Maneji ne kawai.

Wasu iyaye sun tambaye ni dalilin wahalar da kaina a kan launin ƙwallo, bari in ajiye amsar a nan. Ƙwallon manya, wato rawaya, idan aka sake ta daga tsayin santimita 254, doka ta ce ta tashi tsakanin 135 zuwa 147. Ɗan shekara tara tsayinsa gaba ɗaya bai fi haka ba. Ke nan ƙwallon a saitin fuskarsa take zuwa masa, ko ta haye kansa. Abin da zai yi kuwa shi ne ya karkata riƙon raket har ƙarshe don ya iya dukan ta sama, ya ja baya can nesa da layi, ya riƙa cilla ta sama yana jiran abokin wasa ya yi kuskure. Zai iya cin wasa da haka yana ɗan goma, amma in ya kai sha huɗu sai an warware komai an sake sabon gini. Shi ya sa hukumar tanis ta duniya, ITF, ta kafa doka tun 2012 cewa gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa ba a buga ta da rawaya. Mataki uku ne. Ja, wadda ta fi rawaya rashin gudu da kusan kashi 75 cikin ɗari, a filin mita 11. Ruwan goro, kashi 50, a filin mita 18. Kore, kashi 25, a cikakken fili. Kowace tana tashi ne zuwa tsakanin ƙugu da ƙirjin yaron da aka yi ta dominsa, inda ya kamata a koyi duka.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kaya sun iso tasha jiya, na buɗe kwali raina ya ɓaci. Ja dozin biyu na biya, da ruwan goro dozin ɗaya. Abin da na tarar: ja dozin ɗaya, ruwan goro ɗaya, kore ɗaya. Na kira mai shagon, ya ce ja ta ƙare masa, ai kore ta fi tsada, riba ma na ci. Na yi masa bayani cewa ba ni da yaron da zai taɓa kore kafin shekara ta zagayo, ya ce in mayar a kuɗin motata. Kuɗin aikawa da dawowa ya kusa rabin kuɗin ƙwallon, sai na haƙura na kulle ta a kabad. Ja goma sha biyu ga yara goma sha huɗu a fili huɗu, ga katangar makarantar gajera, ga awaki a bayanta. Na naɗa yara biyu masu ƙirga ƙwallo kafin a tashi, duk mako a sauya.

Raket kuwa na yi sa'a. Wani tsohon abokin wasana a Kaduna ya tattaro min na gwanjo guda goma: inci 21 huɗu, 23 huɗu, 25 biyu. Yadda nake aunawa, yaro ya miƙe tsaye ya saki hannu da raket a gefensa, idan kan raket ɗin yana jan ƙasa ya yi masa tsawo. Na manya inci 27 ne, ba zai shigo filin nan ba tukuna.

Ƙwallaye N78,000 da kuɗin mota. Raket N95,000, abokina ya yafe nasa ladan. Wani ɗan'uwa mai sayar da shinkafa ya ɗauki nauyin rabi, Allah ya saka masa.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ranar farko da raket. Ban jera su a layi ina jefa musu ƙwallo ɗaya bayan ɗaya ba, kamar yadda aka koya mana a da. A wancan tsarin yaro yakan yi minti biyar a tsaye don ya daki ƙwallo biyu. Bibbiyu na haɗa su tun daga farko. Ɗaya ya jefa da hannu, ɗaya ya tura masa da raket ya cafe, sannan su sauya. Daga nan duka biyun da raket, ba-ni-in-ba-ka, ana ƙirgawa da ƙarfi. Mafi tsawo yau shida ne, 'yan matan carafke suka yi shi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Iskar hunturu ta hana mu sakat. Jar ƙwallo ba ta da nauyi, iska na kwasar ta. Muka koma jikin bangon aji. Na ja layi da gawayi, kowa ya daki bango sama da layin. Na ba su aikin gida: duk mai bango a gidansu ya yi hamsin kullum. Ƙwallon da na huda na raba musu. Leɓuna duk sun tsage, gobe zan zo da man kaɗe.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wasan ƙarshe na gasar Australian Open, ƙarfe tara da rabi na safe agogonmu. Na roƙi mai gidan kallo na unguwarmu ya buɗe mana, na ba shi N3,000 na man janareto. Yara biyar malamansu na Islamiyya suka ba izini. Jannik Sinner na Italiya ya doke Alexander Zverev na Jamus 6-3, 7-6, 6-3.

Na ce musu kada kowa ya kalli ƙwallo a gem uku na farko, wato ƙananan zagayen wasan, ƙafafu kawai. Bahagon ne ya fara ganowa. Ya ce, “Koci, duk lokacin da wancan zai buga, wannan sai ya ɗan yi tsalle.” Abin da na kawo su gani ke nan. Wannan ɗan tsallen, ƙafafu a buɗe, a sauka daidai lokacin da abokin karawa ya taɓa ƙwallo, shi ke ba mutum damar zabura dama ko hagu. Da na tsaya a fili ina faɗa musu da baki, da sai mu yi wata guda a kansa.

Na kuma gaya musu cewa Sinner yana yaro zamiyar ƙanƙara ce babban wasansa, sai da ya kai shekara 13 ya tattara hankalinsa a tanis. Don haka babu wanda zan hana tamaula ko langa. Jikin da ya san wasa iri-iri ya fi saurin ɗaukar sabo.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kawun bahagon ya zo, shi ke riƙonsa. Mutum ne mai son yaron ƙwarai, ya zo da sabon raket na manya a leda da gwangwanin rawaya, ya kashe kuɗi ba kaɗan ba. Bayan mun gaisa ya tsaya ya kalli wasan, sannan ya ce, “Malam, wagga ƙwallo ta jarirai ta. Yaron ga ya fi ƙarfinta. Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi, ku ba shi ta manya shi saba.”

Na ce, “Alhaji, gaskiyarka, tun yana ɗanye ne. Abin da nake tsoro kada mu tanƙwara shi ta inda ba nan ba.” Ban yi doguwar gardama ba. Na ba yaron sabon raket ɗin, na kai shi layin baya na cikakken fili, na buga masa rawaya goma. Ya mayar da uku. Duk goman a saman kafaɗarsa ya tare su, ƙafafunsa a kafe, wuyan hannunsa na lanƙwashewa saboda nauyi. Sai na mayar da shi ƙaramin fili da inci 25 da ja, shi da wani yaro suka yi musaya goma sha bakwai, yana kai ta kusurwar da ya ga dama. Na ce wa Alhaji ya duba inda raket ke haɗuwa da ƙwallo a nan da can.

Bai gamsu duka ba, na gani a fuskarsa. Ya tambaya yaushe yaron zai je gasa a Abuja. Na ce ba bana ba. Muka rabu a kan zan ajiye raket ɗin a wurina da sunan yaron a jiki, kuma ƙarshen Fabrairu zan yi gwaji a gabansa, in ya ci ya hau ruwan goro.

Wannan ita ce matsalar da na fi jin tsoro, fiye da rashin kuɗi. Idan yaro ya nuna baiwa, kowa sai ya so ya ga ƙarshenta yau. Ni ma zuciyata tana raya min in tura shi gaba in ga iyakarsa. Ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 1983, Sadiq Abdullahi ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, wa zai ƙi a ce na gaba daga Kebbi ya fito? Amma abin da zai kai yaro can, riƙo ne da ƙafa da idon karanta ƙwallo, waɗannan kuwa a kan mai tafiya a hankali ake samun su.

Alhamis da Juma'a, 6 da 7 ga Fabrairu

Sabis. Riƙon guduma nake koya musu, wato a kama raket kamar za a buga ƙusa da gefensa. Da wuya a farko, ƙwallon takan tafi gefe, yara kuma sukan zame su koma riƙon da fuskar raket ke kallon gaba, su tura ta kawai. Wannan yana shiga da sauri amma ba ya girma, ba za a taɓa murza ƙwallo da shi ba. Na ɗiga farin fenti a hannun kowane raket inda gindin manuniya zai zauna. Muka fara daga kusa da raga, raket a bayan kai, ana ja baya taki ɗaya duk wanda ya shigar da uku a jere. Ƙananan, 'yan shida da bakwai, na bar su suna yi ta ƙasa don wasa ya riƙa tafiya.

Bugun bayan hannu kowa da hannu biyu.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Babban yaronmu, ɗan sha ɗaya, ya zo yana ɗingishi. Ya ce dunduniyarsa ce, ta kwana biyu tana masa ciwo, ya ɓoye don kada in hana shi wasa. Na matsa gefenta biyu ya yi ƙara. Na kai shi wurin wani likitan ƙashi da na sani. Ya ce ciwon masu tasowa ne: ƙashin dunduniya bai gama haɗewa ba a wannan shekarun, jijiyar bayan ƙafa kuma tana jan wurin, tsalle a kan siminti ya ƙara masa. Ya ce a dakatar da gudu da tsalle har ciwon ya lafa, a riƙa sa ƙanƙara, a miƙar da sharaɓa safe da yamma, a sama masa takalmi mai taushin ƙasa.

Da na bincika, yaron bayan namu yana buga tamaula kusan kullum a ƙungiyar unguwa, ga bangon gida da ya mayar ɗari biyu maimakon hamsin. Likitocin wasanni suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: awannin horon da yaro ke yi a mako kada su wuce adadin shekarunsa. Nasa sun wuce. Na zauna da mahaifinsa muka tsara masa mako, da ranar hutu ɗaya cur.

Na duba ƙafafun sauran. Shida da silifas suke wasa, uku da sandal ɗin makaranta. Gobe zan shiga kasuwa. Tsallen igiya da langa sun koma kan rairayi daga yau.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Kambas na gwanjo ƙafa tara, N40,500. Iyaye biyar sun yi alkawarin biya a hankali.

Ɗaya daga cikin 'yan matan carafke ba ta zo ba jiya da yau, ita ce mai shekara tara da ta fi kowa natsuwa a fili. Ƙawarta ta ce babanta ya hana. Bayan isha'i na je gidan tare da matata. Ya karɓe mu da mutunci a zaure, matata ta shiga ciki wurin mahaifiyar. Ya ce, “Malam, ba ƙin ka nika yi ba. Ɗiya mace ta, tana girma, ga maza ga guje-guje, mutane sun fara magana.”

Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne ya tambaya. Na ce, “Baba, faɗa min abin da zai kwantar maka da hankali, in zan iya in yi.” Muka daidaita a kan abu uku. Mata za su riƙa wasa a filaye biyu na gefen gabas su kaɗai. Wata malama a makarantar, wadda dama takan tsaya kallo, za ta riƙa zama har a tashi. Sutura kuma dogon wando da riga mai sauka gwiwa da ƙaramin hijabi da ba ya kama hannu. Na ba shi labarin Ons Jabeur ta Tunisiya, Musulma, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, har ta taɓa zama ta biyu a duniya. Ya saurara, amma zancen malamar ne ya sa ya sauko. Ya ce a gwada zuwa azumi.

Raba su zai rage wa 'yan matan abokan karawa masu ƙarfi, wannan asara ce a wajen horo. Zan riƙa shiga ina buga musu da kaina don in cike gurbin.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Gasarmu ta farko ta cikin gida. Kowa-da-kowa a rukuni, wasa ɗaya maki bakwai kamar na raba-gardama da ake yi idan an yi kunnen doki, babu wanda ake fitarwa. Na zaɓi haka don kowane yaro ya buga aƙalla wasa huɗu. Tsarin da ake cire mutum daga faɗuwar farko, wanda ya fi buƙatar wasa shi ke fara komawa gida.

Abin da na gani ya fi na makonni shida da suka wuce yawa. Yaran da ke musaya ashirin a horo, da aka ce maki ne sai hannu ya ƙage, sabis ya koma turawa. Bahagon ya ci wasa uku, ya faɗi na huɗu a hannun yaron da bai kai shi iyawa ba, wanda kawai yake mayar da ƙwallo tsakiya. Ya yi jifa da raket ya fashe da kuka. Na bar shi ya huce, sannan na zaunar da shi na tambaye shi maki nawa wancan ya ci da ƙarfinsa, nawa shi ya ba shi kyauta. Ya yi shiru ya ce biyar shi ya zubar. Hukuncin jifa da raket, wasa na gaba yana benci yana ƙirga wa wasu maki.

Sai rigimar layi. A gasar yara yawanci babu alƙali, kowa shi ke faɗin abin da ya faɗo a ɓangarensa. Na kama yara biyu suna cewa ta fita alhali ta taɓa layi. Na tsayar da wasa duka na tara su. Dokar ita ce ƙwallon da ta taɓa layi ko da gefenta ne tana ciki, in kuma kana shakka, makin na abokin wasanka ne. Na ce musu amana ce aka ba su, irin wadda malam ke karantar da su a Islamiyya. Ɗayan ya sunkuyar da kai, ɗayan ya dage shi ya ga ta fita. Zan sa masa ido.

Daga mako mai zuwa kowane zama zai ƙare da minti ashirin na wasan maki. Na kuma fara koya musu abin yi tsakanin maki da maki: juya baya ga raga, gyara igiyar raket, numfashi biyu, sannan a dawo. Manya daƙiƙa 25 doka ta ba su, kuma suna amfani da ita.

Ruwan leda da lemo da biskit, N5,200.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gwajin hawa ruwan goro. Sharuɗɗan da na gindaya: musaya ashirin ba yankewa da cikin hannu da bayan hannu, sabis ta sama shida cikin goma da riƙon guduma, iya kai ƙwallo kusurwa ko miƙe idan na faɗa, ɗan tsallen nan ba tare da an tuna masa ba, da riƙe lissafin maki.

Huɗu suka ci: bahagon, 'yan matan carafke biyu, da wani shiru-shiru ɗan Gesse wanda ban zata ba. Alhaji ya zo kamar yadda muka yi, ya tsaya har ƙarshe. Sabis ɗin ɗansa bakwai suka shiga. Ya ce, “To Malam, sai kore yaushe?” Na ce sai ya iya tsare mita 18, ya iya zuwa raga ya tare ta sama, ba zai gaza wata tara ba. Ya yi dariya ya ce ni dai ba na gaggawa.

Filin ruwan goro bai buƙaci sabon gini. Tsakanin layin sabis da layin baya mita 5.49 ne, a tsakiyarsu ake jan sabon layin baya. Da alli muka ja yau.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Makarantu sun tafi hutu, don haka safiya ta samu. Mun koma ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai da rabi, Litinin da Laraba da Asabar. Yamma ba ta yiwuwa, zafi ya fara haura digiri 40, simintin kuma yana riƙe shi har magariba.

Laraba, 12 ga Maris

Zuwa ya ragu, bakwai ko takwas. Tun da aka shiga goma ga wata yaran ke yawon tashe da dare, su zo da barci a ido. Masu azumi ba na sa su gudu ko kaɗan. Jefa ƙwallon sabis sama ta sauka cikin da'irar da na zana a gaban ƙafa, lilo da raket ba ƙwallo, tarar ƙwallo a raga daga kusa. Ƙananan da ba sa azumi su ke wasan maki. Minti goma na ƙarshe a inuwar dogon yaro muke yi, ina koya musu lissafin manya, 15, 30, 40, da yadda ake tara gem shida a ci set.

Mai ciwon dunduniya ya dawo, ba ya jin komai. Rabin lokaci nake ba shi tukuna. Yarinyar nan ma babanta ya bar ta ta ci gaba, malamar ba ta fasa zuwa ba ko da azumi.

Asabar, 22 ga Maris

Ja ta rage takwas. Biyu sun ɓace, biyu gashinsu ya cinye sun koma santsi, simintin nan yana da kaushi. Igiyar raket ɗaya mai inci 25 ta tsinke. Ba ni da injin ɗaurawa, sai na ba direba ya kai Kaduna, N7,500 da kuɗin mota. Mun rufe sai bayan Sallah.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, jiya muka dawo. Goma sha uku suka zo, ɗaya iyayensa sun koma Jega. An samu sababbi uku, ƙannen waɗanda ke nan, na karɓi biyu, na ce wa na ukun sai an ƙaro raket. Hutun kwana goma sha biyu bai taɓa riƙonsu ba, ƙafa ce ta yi nauyi.

Na yi waya da wani koci a Sakkwato mai yara a matakin ruwan goro. Mun tsayar da wasan sada zumunta cikin Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai. Yara huɗun nan za su je, da malamar, kuma sai iyayen 'yan matan sun sa hannu a takarda. Set gajere za a buga, mai gem huɗu. Na ƙiyasta mota da abinci N85,000, Alhaji ya ce shi zai ɗauki kuɗin mota, da sharaɗin zai bi mu. Na yarda, amma na roƙe shi ya zauna nesa da layi, kada ya yi wa yaron magana ana cikin wasa.

Kafin nan akwai sayen ja dozin ɗaya daga wani shagon daban, da fenti mai launin shuɗi na layin mita 18 don alli ba zai jure ruwa ba, da yashe magudanar gefen arewa inda ƙasa ta toshe. Zama zai koma ƙarfe biyar saboda rana. Alhamis mai zuwa 'yan ruwan goro za su fara karɓar sabis, don har yanzu a tsaye cak suke jiran sa, 'yan ja kuma su ci gaba da musaya a gicciye har kowa ya kai goma sha biyar.